Mai koyon bes a Kano: zama da makaɗa dole ne, ko bidiyo da ɗaki sun wadatar?

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum manyanmu. Ina da jita bes mai tsirkiya huɗu, ta hannu, ƙirar Jazz Bass amma ba ta asali ba, da 'yar ƙaramar amfilifaya mai wat 25. Wata takwas ke nan ina koyo ni kaɗai a ɗaki da bidiyo a waya. Abu uku ke damuna. Tun da hunturu ya shigo bakin ƙarafan wuyan jitar ke kartar min hannu, tsirkiyoyin kuma sun yi sama har danna su ya zama aiki. Na biyu, amfilifayar tana gunji, in na ɗora hannu kan tsirkiya sai ya ragu. Na uku, in na ɗauki kiɗan na saurara a waya, kamar ban kaɗa komai ba.

An ba ni shawara in nemi masu kaɗawa na Sabon Gari da na situdiyoyin Zoo Road in riƙa zama da su, wai har kuɗi suke haɗawa su sayo kaya. Ni kuwa ina ganin ɓata lokaci ne tunda komai yana bidiyo. Don Allah me mai bes ke samu a cikin 'yan'uwansa makaɗa da ba zai samu shi kaɗai ba?

Mai Tsirkiya Huɗu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da wuyan jitar, amsar tambayarka tana ciki.

Mafi yawan masu bidiyon nan suna zaune ne a garuruwan da laimar iska ba ta yin irin faɗuwar da take yi mana. Katakon jita ya fi son laima tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Kano a Janairu da Fabrairu takan sauka ƙasa da kashi 20 da rana, sannan a Agusta ta haura sama sosai. Katako yana tsukewa in ya bushe, ƙarfe ba ya bin sa, shi ya sa bakin firet, wato ƙarafan nan da ke jere a wuyan, ya leƙo yana yankarka. Allon da ake dannawa kuma, in irin baƙin katakon nan ne marar fenti, ya fi bayan wuyan saurin bushewa, sai ya ja wuyan ya lanƙwaso gaba, ga tsirkiyoyi huɗu suna jan sa da nauyin da ya haura kilo 70. Da damina sai labari ya juya, allon ya sha laima ya kumbura, wuya ya koma baya, tsirkiya ta kwanta tana zizar firet. Ke nan bes a garin nan sau biyu take neman saiti a shekara, wajen Disamba da wajen Yuli.

Kada ka taɓa komai sai ka auna. Ka saita tsirkiyoyin daidai, E, A, D, G. Ka danne tsirkiyar E a firet na 1 da kafo, ɗan matsen nan da ake maƙala wa wuyan jita, in babu wani ya danne maka, kai kuma ka danne ta a firet na ƙarshe. Yanzu tsirkiyar ta zama miƙaƙƙen ma'auni. Duba ratar da ke tsakaninta da saman firet na 8. Abin da ake so kamar milimita 0.3 ne. Filageji irin na makanikai da suke auna fulogi da shi ya fi dacewa. In babu, katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, in ya shige ba tare da ya ɗaga tsirkiyar ba, lanƙwasar ta ninka abin da ake so har da ƙari.

Gyaran yana wurin ƙarfen da ke cikin wuyan, wanda kansa ke leƙowa ta saman wuya ko ta gindinsa. Jitocin da ake ƙerawa a Asiya yawanci alanki mai milimita 4 ko 5 ke shigarsu, na Amurka kuwa da inci ake auna su. Alankin da ya kusa daidai amma bai cika ramin ba shi ne babban mai kashe jita, don yana cinye kusurwar notin, daga nan babu abin da zai sake kama shi. Sassauta tsirkiyoyin tukuna. Juyi zuwa dama yana miƙar da wuya, zuwa hagu yana sakinsa. Rubu'in juyi ɗaya kawai, ka mayar da saiti, ka bar ta ta kwana, gobe ka sake aunawa. Katako ba ya amsawa nan take.

Sai wuya ya zauna ake komawa kan birij, abin da masu goge da garaya ke kira jaki. Kowace tsirkiya tana da ɗan sirdinta mai ƙananan kusoshi biyu, alanki mai milimita 1.5 galibi. A firet na 17, ba tare da danna komai ba, ka nemi kamar milimita 2.4 a ƙarƙashin E, milimita 2 a ƙarƙashin G. Mai nauyin hannu ya ɗan ƙara. In ziza ta fito a firet na 1 zuwa na 5, wuya ya miƙe da yawa. In daga na 12 zuwa sama ne, sirdi ya yi ƙasa. In a firet guda ɗaya tak ne, maƙwabcinsa na gaba ya ɗago, wannan aikin mai gyara ne. Daga ƙarshe ka danna firet na 12 ka duba na'urar saiti: in ta nuna sautin ya haura inda take nunawa idan tsirkiyar tana buɗe, ja sirdin baya, nesa da wuya, in ya gaza, matso da shi gaba. Wanda ya fara da wannan kafin ya gyara wuya zai yi aikin sau biyu.

Bakin firet kuwa, kar ka yi saurin sa magagari. Jiƙa soso ka matse shi sosai, ka sa a gidan sabulu mai huda, ka rufe shi tare da jitar a cikin jakarta ko akwatinta mako ɗaya zuwa biyu, ba tare da ya taɓa katakon ba. Abin da ya rage yana karta sai a manna tef gefe da gefe a goge shi da ɗan siririn magagari, ana turawa zuwa ƙasa. Man da ake shafa wa allo ɗigo kaɗan ne na man jita ko farin man ma'adini, sau biyu a shekara, kuma baƙin allo kawai, ban da farin mai sheƙi. Man gyaɗa da man ja suna tsami su yi danƙo su tara ƙura. Kuma da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, but ɗin mota da ɗakin kwano marar silin ba wurin ajiye jita ba ne.

To ka ƙirga abin da na lissafa: kafo, filageji, alanki iri biyu, magagarin firet, ƙaramin ma'auni mai milimita. Kaya ne da za ka taɓa sau biyu a shekara, kuma masu gyaran jita na gaske a Kano ba su da yawa. Mutum biyar in suka haɗa akwatin kayan aiki guda ya ishe su duka. Abin da ya fi kayan ma, hannun da ya taɓa jin yadda noti ke yi in ya kai ƙarshen zarensa. Bidiyo ba ya iya nuna maka bambancin tauri na al'ada da taurin da ke gab da karyewa, wanda ya sani sai ya riƙe alankin ya ce maka tsaya.

Bayan Mikisa:

Oga ya gama da katako, ni bari in ɗauki wuta da kunne.

Malam Sabon Hannu, gunjin da ke raguwa in ka taɓa tsirkiya labari ne mai daɗi, yana nufin wayar da ta haɗa birij da ƙasa tana nan lafiya. Jikinka ne ke tara hayaniyar wutar ɗakin kamar eriya, in ka taɓa ƙarfe sai ta zube. Abin da jitar ta rasa shi ne garkuwa a cikin ramin da na'urorinta suke. Ana shimfiɗa tef na jan ƙarfe a ramin da bayan murfinsa, ko takardar alminiyon da gam in ba a samu ba, sannan a tabbata shimfiɗar ta haɗu da bayan foliyom. Ka auna da mitar gwada wuta: daga birij zuwa bakin ramin jak ya kamata ta nuna kusan sifili. Da a ce taɓa tsirkiya ba ya canza komai amma taɓa ƙarfen jak yana kashe gunjin, to wayar birij ce ta tsinke. Da kuma ƙaruwa yake in ka taɓa, wani ya juya wayoyin jak ɗin, mai gyaran rediyo zai mayar da su cikin minti biyar.

Akwai gunji na biyu da taɓawa ba ta yi masa komai, wanda ke canzawa in ka juya jikinka. Wannan daga maganaɗisun taransifoma yake, ko sitabilaiza, ko fanka, ko cajar waya ta banza. Jazz Bass, wadda Fender ya fito da ita a 1960, tana da fikof biyu, wato na'urorin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, kowanne shi kaɗai yana kwasar wannan gunjin, amma an naɗa su ta yadda in ka buɗe foliyom ɗinsu daidai wa daida suna kashe wa juna. Buɗe duka biyun har ƙarshe ka ji. Precision Bass kuwa, wadda ta riga ta tun 1951, daga 1957 aka raba fikof ɗinta gida biyu don wannan dalilin, shi ya sa ta fi shiru a ɗakin da wayarin ɗinsa ba shi da kyau. Wani abin lura: wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, sautin G da ke firet na 3 na babbar tsirkiya kuma 49 ne. In ka riƙe G ɗin nan kana jin yana hawa yana sauka kamar sau ɗaya a daƙiƙa, ba yatsanka ba ne, gunjin ne ke karo da shi.

Yanzu maganar da ta fi kiɗa. Za ka ji masu cewa a karye ƙafa ta uku ta fulogin amfilifaya gunji zai tafi. Kar ka yarda ko wa ya faɗa. Tsirkiyoyinka a haɗe suke da jikin amfilifayar, wannan ƙafar ce kaɗai hanyar da wuta za ta bi in wani abu ya lalace a ciki, in babu ita ta jikinka za ta bi. Gidaje da yawa ma soket ɗinsu mai ƙafa uku ne amma ba a ja masa wayar ƙasa ba. Mai wayarin zai kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa, ana samunta a Ƙofar Ruwa, a wuri mai danshi, kuma da rani a riƙa zuba wa gindinta ruwa don busasshiyar ƙasa ba ta ɗaukar wuta sosai. A wurin biki da janareta, amfilifayarka da mikisa su sha daga layi ɗaya. Kafin ka kai baki kusa da makirfo hannunka na kan tsirkiya, sa mita a ma'aunin wutar gida, kai ɗaya a tsirkiya ɗaya a ragar makirfon. In ta nuna gomman bolt, a dakata a nemo dalili. Gunjin da ke zuwa saboda an haɗa amfilifaya da mikisa, akwatin DI ne maganinsa, ɗan akwatin da ake sawa kafin sauti ya shiga mikisa, yana da ɗan maɓallin da ke yanke ƙasan sauti ba tare da ya taɓa ƙasan wuta ba. Kuma in an sauya daga wutar gari zuwa janareta, amfilifaya ita ce ta farko a kashewa, ta ƙarshe a kunnawa.

Batun waya. Babbar tsirkiyarka tana girgiza sau 41 a daƙiƙa, sifikar waya kuwa kusan ba ta fitar da komai a ƙasa da 200. Abin da kunne ke kamawa a waya 'ya'yan sautin ne da ke samansa, 206, 247, 288 har sama, ƙwaƙwalwa ita ke cike uwar. Tunda yawancin masu sauraro a garin nan a waya da ƙananan sifikun bulutut suke ji, bes da ba ta da tsakiya ba ta wanzu ba. Mai koyo shi kaɗai yakan ƙure maɓallin bes, ya ƙure na sama, ya kwashe tsakiya, saboda a ɗaki hakan ya fi daɗi. Yi akasin haka. Bar na ƙasa a tsakiyar zagayensa, ƙara na tsakiya wajen girgiza 700 zuwa 1,000, in sauti ya yi laka rage wajen 250, ka matso da yatsunka kusa da birij kaɗan. In kana jona ta a katin sauti na kwamfuta, nemi ramin da aka yi don jita, ko maɓallin da ke mayar da shi hakan. Ramin layi na fiyano yana dakushe bes marar batir.

Ga kuma inda zama kai kaɗai ke yaudara. Tsawon igiyar sautin E a iska ya haura mita 8. Ɗakin siminti mai tsawon mita 4 yana amsa kuwwa a wajen 43, daf da E da F, sai waɗannan biyun su cika ɗaki har taga na rawa, wasu sautukan kuma su ɓace a daidai inda kake zaune. Hannunka zai koyi sassauta wa masu ƙara da dukan masu ɓacewa, ka ɗauki wannan hannun ka kai wani ɗakin inda lissafin ya bambanta. Wanda ke tsaye gaban sifika shi ne mafi rashin sanin abin da mutanen baya ke ji. Dole sai da wani mai kunne a ƙarshen zaure da zai ɗaga maka hannu, kuma ya zama wanda ba ya jin nauyin ce maka ka rage.

Wat 25 ta ɗaki ce. Da mai ganga a gefe kana bukatar 200 zuwa 300, a ƙarƙashin rumfa a fili ma sai an tura ka ta manyan sifiku, don babu bangon da zai dawo da sautin. In za ka ara akwatin sifika ka duba lambar om da ke bayansa, wato nauyin da yake ɗora wa amfilifaya: biyu masu om 8 in aka haɗa sun zama 4, biyu masu om 4 sun zama 2, amfilifayar da aka rubuta mata 4 a matsayin ƙarshe za ta yi zafi ta mutu a tsakiyar biki. Wayar jita kuma ba ta zama wayar sifika, siririya ce a ciki.

Mai Gangar Ƙafa:

Ni ba mai bes ba ne, amma kujerata ce kusa da tasa, bari in sa baki.

Ɗan'uwa, bes rabin kayan kiɗa ce, ɗaya rabin yana ƙarƙashin ƙafar mai ganga. Wanda ya koya da bidiyo ana gane shi a baiti na farko: yatsu sun iya gudu, amma yana bin kiɗa a baya maimakon ya ɗauke shi, saboda ya saba da waƙar da ba ta kuskure kuma ba ta jiransa. Kuma bai san inda sauti ke ƙarewa ba. Farkon sauti kowa na kula da shi, ƙarshensa ne ke sa mutane rawa. Gwada wannan: sa metironom, na'urar da ke buga maka lokaci, a 70, sauti ɗaya tak, ka kaɗa shi tare da bugu na 1 ka kashe shi cak a kan na 2, ka sake a na 3 ka kashe a na 4. Minti biyar, ka ɗauka a waya ka saurara. Sannan ka mayar da bugun ya zama 2 da 4 kawai, kai ne za ka riƙe 1. Tsirkiyoyin da ba ka kaɗawa su yi shiru, babban yatsan dama ya kwanta kan na sama, yatsun hagu su rufe na ƙasa.

Sauran sai a cikin mutane. Makaɗan cocin Sabon Gari da do, re, mi suke magana, wani lokaci da yatsu, mai fiyano ya ce fa ko so kai ka san inda yake a kowane ki, wato matakin sautin da aka ɗora waƙa a kai. Kar ka dogara da kallon hannunsa, da yawa suna danna maɓallin sauya ki su ci gaba da kaɗawa a inda suka saba, kai kana bin yatsunsa kana can wani gari. Tambaye shi ki na gaskiya kafin a fara. Sannan ka roƙe shi cikin ladabi ya ɗauke hannun hagunsa daga ƙasa, in kuma irin Yamaha PSR ɗin nan ce mai rakiyar kanta, ya kashe bes ɗin cikinta. Bes biyu a wuri ɗaya laka ce. Wannan ne ma ya sa aikin mai jita bes ya yi ƙaranci a waƙoƙin situdiyo na Hausa, fiyano da kwamfuta ke yin nasu, sai wanda ya zo da abin da na'ura ba ta da shi ake kira.

Kiɗanmu na gida kuma wata makaranta ce da ba ta cikin bidiyoyin. Da yawansa a kan sautuka biyar yake tafiya, yana zagaye gida ɗaya ba tare da sauye-sauyen da aka saba a waƙar Turawa ba, bugun kuma sau da yawa uku ne a kan biyu. Aikin bes a nan irin na garaya da gurmi ne, 'yar gajeriyar jimla da ake maimaitawa ba gajiya. Kalangu yana magana, muryarsa na hawa da sauka, in ka cika wurin da gudu kun yi ta cin karo. Ka riƙe uwar sauti da ta biyar ɗinta ka bar masa fili. In akwai mai gurmi ko kukuma, shi ba ruwansa da abin da na'urar saitinka ke nunawa, da muryar mawaƙinsa ya ɗaure tsirkiyarsa. Kai za ka bi shi da kunne. Saurari ƙungiyoyin Nijar irin su Tal National na Yamai ka ji yadda bes ke zama a cikin irin wannan bugun.

Tsohon Ɗan Bandi:

Yara sun faɗi na fasaha, saura na aljihu.

Tsirkiya ita ce kuɗin da ba ya ƙarewa. Saitin da aka fi amfani da shi 45, 65, 85, 105 ne, kuma jabu ya cika kasuwa, kwali iri ɗaya, launi iri ɗaya, sati biyu ta mutu ko ta yi tsatsa. D'Addario suna buga lamba a jikin ledar ciki da ake iya tantancewa a shafinsu. Mutum shida in suka haɗa kuɗi suka yi oda ɗaya daga amintaccen dila a Legas, kuɗin mota ya rabu shida, kuma dilan ya san in ya turo jabu kwastoma shida ya rasa. Wasu har adashe suke yi, wata-wata mutum ɗaya ya ɗauka ya sayi amfilifaya ko akwatin DI. A rubuta komai a littafi, kuɗin 'yan'uwa ya fi na bare saurin kawo rigima.

Za a ce maka ka dafa tsofaffin tsirkiyoyi a ruwan zafi su dawo sababbi. Suna dawowa na 'yan kwanaki, sau ɗaya ko biyu, amma ruwa yana maƙalewa a cikin naɗin ya ci zuciyar ƙarfen. Jiƙa su cikin sifirit kwana ɗaya a rufaffen mazubi ya fi, nesa da wuta. Wanda ya fi duka, goge su da busasshen ƙyalle duk bayan kiɗa, sama da ƙasa, don gumi da ƙurar hunturu su ne ke toshe su. Mai son sauti mai taushi ya sayi masu santsin nan marasa kaushi, suna shekaru ba a canza ba, sai dai ba su da hasken da Malam Bayan Mikisa ke nema don waya.

Aiki kuwa ta hannun ɗan'uwanka mai bes yake zuwa. Bandi ba ta bukatar bes biyu, saboda haka duk ranar da biki biyu suka haɗu wa mutum, wani zai tura a madadinsa, kuma wanda ya taɓa ji da kunnensa zai tura. Lokutan cunkoso sanannu ne: gabanin azumi, bayan sallah, da Disamba. A zama irin wannan ne za ka san abin da ake karɓa, don kada ka karya farashi ba da saninka ba ka ɓata da kowa. Kafin ka amsa aiki ka tambayi abu huɗu: wa zai kawo amfilifaya, wa ke biyan kuɗin mota, ƙarfe nawa ake tashi, nawa ne kafin alƙalami. Ka tafi da waya ta biyu da batir mai bolt 9 in jitarka mai batir ce, kuma ka zare wayar in an tafi hutu, don jona ta shi ne kunna ta.

In za ka sayi wata jitar ta hannu, kar ka je kai kaɗai. A kalli wuyan daga kai zuwa gindi ko ya murɗe, murɗaɗɗen wuya ba ya gyaruwa da alanki. A gwada ƙarfen ciki yana juyawa hagu da dama. A kaɗa kowane firet a kowace tsirkiya. Sunan da ke kan jita sitika ce da kowa zai iya mannawa. Taka ma ka ɗauki hoton lambarta da tabon jikinta ka ba abokan zama, kayan kiɗan da aka sace a garin nan hannun makaɗa suke komawa neman mai saye.

Amma fa ɗana, ba duk abin da aka faɗa a majalisa ake ɗauka ba. A can ne za ka ji a karye ƙafar fulogi, a can za ka ji a ba wuya juyi biyu a zama ɗaya. Mai yawan magana daban, wanda jitarsa ke da daɗin dannawa daban. Karɓi jitar mutum ka taɓa kafin ka karɓi shawararsa.

Sabon Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na buɗe foliyom biyun, gunjin ya ragu sosai. Na auna wuyan kuma, katin ATM ya shige har da saura. Sai dai alanki mai 4 ya shiga daidai amma notin ya ƙi motsi zuwa dama. In ƙara ƙarfi ne, Oga?

Mai Tsirkiya Huɗu:

A'a, cire hannunka. Sa ɗigon alama da biro a kan notin don ka san inda ka faro. Sassauta tsirkiyoyin gaba ɗaya, ka fara juya shi hagu, rabin rubu'i. In ya motsa, to tsatsa ce ko datti. In irin notin da ke fita ne, ci gaba da kwance shi har ya fito, ka goge zaren, ka shafa ɗan giris kamar kan ashana, ka mayar. In ka ji ya kwance kaɗan sannan ya sake yin tauri yana tura wuyan gaba, irin mai aiki ta fuska biyu ne, ba ya fita, kar ka tilasta shi.

In ka mayar ya sake tsayawa cak a daidai alamarka, zaren ne ya ƙare, katakon da ke ƙarƙashinsa ya lotsa. Ana sa ɗan faifan ƙarfe mai huda ɗaya ko biyu, masu faɗin da zai shiga ramin, a ƙarƙashin notin, sai ya samu sabon wurin tafiya.

Wajen ɗaurewa kuma kar ka bar notin ya yi jan shi kaɗai. Mutum ɗaya ya danne jikin jitar a kan tebur da aka shimfiɗa wa bargo, a sa naɗaɗɗen tawul a ƙarƙashin wuyan wajen firet na 5 zuwa na 7, ya tura kan jitar ƙasa a hankali har wuyan ya miƙe, na biyu ya juya alankin ya kamo wurin. Rubu'in juyi, a saki, a mayar da saiti, a bar ta ta kwana. Da irin ratar da ka faɗa zai iya ɗaukar zama uku ko huɗu. Ka zo da ita ranar da ake gwaji, ka zo da alankinka da katin da ka auna da shi.